Mun dawo Jos, yarona ya ce garin nan babu komai

Maman Aliyu, Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, a yi min haƙuri da dogon rubutu. Shekara 9 muka yi a Landan, bayan ƙaramar sallah muka tattaro muka dawo gida gaba ɗaya. Yarana uku, babban yana da shekara 11. A can duk Asabar da inda muke zuwa. Laburaren unguwa kyauta ake yin kati, yaro ya ɗebi littattafai ya karanta ya mayar. Gidan Tarihi na Birtaniya ma ba a biyan ko sisi a ƙofa. Tun da muka dawo kuwa daga boko sai islamiyya sai danna waya. Na kai su wani ɗakin karatu, littattafan ciki sun girme ni. Jiya Aliyu ya dube ni ya ce, da Turanci ma, wai garin nan babu komai. Maganar ta tsaya min a rai, don saboda su san gida muka dawo. Babansu har ya fara cewa ko a mayar da shi wajen gwaggonsa can ya ƙarasa makaranta. Ina zan kai su? Ko dai yaron gaskiya ya faɗa?

Malam Sani, Gangare:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kin kai su gidan tarihin nan na kusa da gidan namun daji? Tun 1952 aka buɗe shi, wani Bature Bernard Fagg ne ya tsaya a kan aikin. Kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa suna nan, wasu sun haura shekara 2,000. A harabar kuma akwai inda aka gina kwafin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, da laka, yadda magina na da suka yi. Shekara 30 na yi ina koyarwa, duk ajin da na kai wurin sai an sha fama kafin a fito da yara. Abin kunyar namu ne, mutum an haife shi a Jos, ya yi furfura, bai taɓa leƙawa ba, sai baƙi.

Ummu Khadija, Landan:
Yaya Maman Aliyu, ni da nake nan har yanzu wallahi kishinki nake. Gaskiya ne laburare kyauta, gidan tarihi kyauta. To amma me yarana suke gani a ciki? Na kai su sun ga tagullar Benin da aka kwaso a 1897, a bayan gilashi, da ɗan rubutu a ƙasa. Suka yi hoto muka fito. Kalangu kuwa ba su taɓa jin sa a fili ba sai a waya. Ranar sallah idan ta faɗo tsakiyar mako, sai na nemar musu izini a makaranta, mu yi idi, babansu ya wuce aiki. Suna muka yi bara, ɗakin taro muka kama na awa huɗu, lokaci na cika aka fara kashe fitilu. Ranar da Hajiyarmu ta kira ta ce wa Khadija “ina gajiya”, yarinyar nan juyowa ta yi tana kallona.

Injiniya Bashir, Gwarinpa:
Ni dai zan ɗan saɓa. Kada mu rarrashi kanmu da biki da sallah. Kaka ba za ta zama laburare ba. A nan Abuja ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa tun 2006 aka ba da kwangilarsa, yaran da aka haifa a shekarar sun shiga jami'a ba a buɗe shi ba. Kuma abin da kuke yabo na gida, mai dangi da kuɗin mota ne ke samunsa. A can ɗan mai shara da ɗan likita kati ɗaya suke riƙewa. Yaron bai yi ƙarya duka ba. Shawarata, duk mai zuwa daga waje a ce ya sako littafi biyar a jaka maimakon turare, ki ware ɗaki ko gareji, ki kira yaran maƙwabta ranar Asabar.

Inna Talatu, Anguwar Rogo:
'Yata, yaro ɗan shekara 11 da ya ce babu komai, abokansa yake kewa, ba gini ba. Kada ku yi gaggawar mayar da shi, wata nawa ma kuka yi? Ina kakarsa? Ki kai su su kwana can ranar Juma'a, ba waya, ke ma ki dawo gida abinki, don idan kina wurin Turanci za su yi ta yi miki. 'Yan uwansa za su ja shi langa da ƙwallo a layi. Da dare idan tsohuwa ta ce “ga ta nan ga ta nanku”, ko bai gane rabi ba zai ji sunan Gizo da Ƙoƙi. Azumi ya kai goma ga wata ya ga tashe. Babbar sallah kuma ku daure ku je Kano ko Zariya kallon hawa, ya ga dawaki da 'yan bindiga da idonsa.

Malam Sani, Gangare:
Inna ta gama magana. Hawan Kano ma a 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Kuma Hajiya, Jos ba Hausa kaɗai ba ce. Idan lokacin Nzem Berom, bikin al'adun ƙabilar Berom, ya zo, ku je kallo, su san mutanen da suke zaune tare da su.

Abba Terminus:
Ku ba ni shi kwana biyu a shago, ya koyi ciniki da masu masa, zai manta hanyar Landan.

Maman Aliyu, Rikkos:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa babansu duka, ya yi dariyar ta Abba, ya ce maganar komawa a bar ta sai ƙarshen shekarar karatu. Juma'ar nan zan kai su Dilimi wajen Hajiya. Malam, gidan tarihi sai mako na sama in sha Allah. Injiniya, garejinmu ba mota a ciki, kuma mun taho da kwali biyu na littattafan yara, amma duk na Turanci ne. Wa ke da na Hausa da yaransa suka gama da su?

Inna Talatu, Anguwar Rogo:
Akwai na jikokina a ƙasan gado, wasu ɓera ya ɗan taɓa. Ki turo Aliyu da kansa ya karɓa, ya gaishe ni da Hausa.