Neman kalma: me za mu kira "référencement" a darasin tsara shafin intanet?

Malamar Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar mai zuwa zan fara koyar da wasu matasa a nan Damagaram yadda ake tsara shafin intanet. Yawancinsu ƴaƴan dukawa da maɗinka ne da ke son kayan gidajensu su kai ga idon masu saye na Yamai, Agadas da Kano. An buƙaci darasin ya kasance da Hausa, kuma dole takardun su isa hannun mai bugawa ranar Alhamis. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini. Ta farko ita ce "utilisabilité", wato shafi ya kasance baƙo zai shiga ya sami abin da ya zo nema ba tare da lalube ba. Ta biyu ita ce "référencement naturel", aikin da ake yi wa shafi domin Google ya fito da shi a sama idan wani ya rubuta, misali, "jakar fata ta Zinder", ba tare da an biya kuɗin talla ba. Ba na son in rubuta "referansama" in wuce, domin rabin ɗaliban ba su yi nisa a lekol ba. Ina neman shawararku.

Ɗan Zengo:
Wa alaikumus salam, Malama. Ta farkon ba ta da wuya, "sauƙin amfani" ya wadatar. Sai dai a bayani ki ƙara cewa ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 9241-11 na 1998 ya rataya ma'anar kan abu uku: mutum ya cim ma abin da ya zo yi, ya cim masa ba tare da ɓata lokaci da ƙarfi ba, ya kuma tashi da gamsuwa. Ta biyun ce ke da ƙulli, domin Faransanci ya cusa ayyuka biyu cikin kalma ɗaya. Da fari akwai manhajar Google mai suna Googlebot, wadda ke bin mahaɗai, wato wuraren da ake latsawa a tsallaka wani shafi, daga shafi zuwa shafi tana karantawa, sannan a adana abin da ta karanta a cikin kundin kamfanin. Shafin da bai shiga kundin ba, ba zai fito ba ko da an rubuta sunansa cikakke. Bayan haka ne ake jera shafukan da suka shiga, wane a sama, wane a ƙasa. Ina ba da shawarar "shigar da shafi kundi" ga na farko, da "inganta shafi don injin bincike" ga na biyu, injin bincike kuwa shi ne irin su Google.

Malam Mai Ritaya:
Ɗana, ka yi bayani mai kyau, amma abin da ka kawo jimla ce, ba kalma ba. Wanda zai faɗi "inganta shafi don injin bincike" sau goma a darasi ɗaya, yawunsa zai ƙare kafin azahar. Kuma "inji" aro ne daga Ingilishi, mun karɓe shi ne kawai don an buga shi a Kano. Hausa tana da hanyar ƙirar sunan kayan aiki: buɗe ya ba da mabuɗi, auna ya ba da ma'auni, to nema sai ya ba da "manemi" a madadin "injin bincike". Shi kuwa aikin ɗaga shafi sama, na daɗe ina kiransa "ɗagau" a cikin rubuce-rubucena. Gajeriya ce, gaɓa biyu, ba ta da baƙon sauti ko ɗaya. Malama, ki rubuta "ɗagau", yaran za su riƙe ta tun ranar farko.

Bakanon Kasuwar Dole:
Allah ya gafarta Malam, "manemi" ai yana da mai shi. Manemin aure ne ko manemin labarai, kuma duk wanda ya ji "manemi ya fito da shafinki" zai ɗauka wani saurayi ake nufi. "Injin bincike" ya riga ya zauna a rubuce-rubucen Hausa na intanet, kuma ɗaliban Malama za su ci karo da shi da zarar sun fara karatu da kansu. Masu wannan sana'a a wajenmu haruffa uku na Ingilishi suke faɗi, SEO, wato sunan aikin a taƙaice, kuma da su ake neman aiki. Ban ga amfanin a ba yara kalmar da ba wanda zai gane ta da zarar sun wuce Magarya ba.

Malam Mai Ritaya:
To ga shi nan, abin da nake gudu ke nan. Kullum sai a ce mu jira abin da ya zauna a kudu, kamar Hausar Damagaram ƴar riƙo ce. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har zuwa 1926, kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muna da namu tsarin rubutu tun 1999, shi ya sa muke rubuta "ƴa" da ƙugiya inda ku kuke sa waƙafi a gaban harafin. Idan harshen ƙasa ba zai iya haifar kalma ɗaya ta fasaha da kansa ba, to mene ne amfanin matsayin? Mun bar Faransanci ne don mu faɗa hannun haruffa uku na Ingilishi?

Hajiya Mai Shirin Safe:
Baba, ba wanda ya raina Hausar Damagaram, amma a duba "ɗagau" ɗin da idon nahawu. Sunayen da ke ƙarewa da "-au", irin su mantau, makarau da jimrau, yawanci mutum suke siffantawa da halin da ya kama shi. Idan na faɗi "ɗagau" a rediyo, mai saurare zai ji kamar laƙabin ɗan dako ne ko na mai ɗaga kai, ba sunan sana'a ba. Batun aro kuwa, "kasuwa" da "karatu" kansu masana sun nuna ta hannun Barebari suka shigo mana, kuma ba a Damagaram za a ga laifin abin da ya zo daga Barno ba. Ni ma'aunina ɗaya ne: in faɗi kalma sau ɗaya a iska, mai shayi a Birni ya gane ba tare da na maimaita ba. "Injin bincike" yana cin wannan jarrabawa. "Inganta shafi don injin bincike" ba ya ci, a nan na yarda da Baba, ya yi tsawo kuma bai faɗi abin da ake nema ba. Abin da ake nema shi ne wuri a gaba. Me zai hana "neman sahun gaba"?

Ɗan Zengo:
Hajiya, wannan ya fi nawa, kuma kalmar "nema" ce ta fi burge ni a ciki. Matsalar "ɗagau" a wajena ba ta nahawu ba ce kaɗai, tana sa a ɗauka akwai wani abu da ake dannawa shafi ya tashi. Da wannan tunanin ake cin kuɗin ƙananan ƴan kasuwa, a yi musu alkawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda, alhali Google da kansa ya sha faɗin cewa ba wanda zai iya lamunce wa kowa wannan matsayi. Dabarun yaudara an daɗe da toshe su. Tun 2009 kamfanin ya bayyana cewa ba ya la'akari da jerin kalmomin da ake ɓoyewa a kan shafi don injin kaɗai, a 2011 ya kawo wani sauyi a tsarin jera shafuka, mai suna Panda, da ya danne shafuka marasa nauyin bayani, a 2012 kuma wani sauyin mai suna Penguin ya bi masu sayen mahaɗai. Asalin tsarin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa kamfanin a kai a 1998 shi ne a ƙidaya mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka kamar shaida ce ya ba ka, kuma shaidar shafi mai mutunci ta fi nauyi.

Abin da nake so Malama ta nanata shi ne kalmominta biyu ba su rabu ba. Tun 2015 Google yake fifita shafin da ke karantuwa a wayar salula, daga baya ma ya koma duba fasalin waya kafin na kwamfuta. Cikin ma'aunan da ya fara aiki da su a 2021 akwai cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Mu da muka san halin rezo a ƙauyukan Mirya da Tanut mun san abin da hoton jaka mai nauyi ke yi wa megan mai saye. Saboda haka a rage nauyin hotuna, a rubuta wa kowane hoto bayanin abin da ke cikinsa, kowane shafi ya sami take na kansa da ke faɗin abin da ake sayarwa, farashi da lambar waya su kasance inda babban yatsa zai kai ba tare da an ja allo ba. Adireshin shafi kuma a bar shi ba ƙugiya, domin yawancin mutane "dinki" suke bugawa a waya ba "ɗinki" ba, amma cikin rubutun a sa ƙugiya yadda ya kamata. Duk wannan sauƙin amfani ne, kuma shi ne rabin neman sahun gaba.

Malam Mai Ritaya:
"Sahu" Larabci ne, kuma gidansa masallaci. Sahun gaba da sammako ake samunsa, ba da gyaran hotuna ba, kuma ban ji daɗin a ɗauko shi a kai wa tallan jakunkuna ba. Sannan ku gaya mini, mai yin aikin me za a kira shi? Manemin sahun gaba? Ashe kun dawo kan "manemi" ɗin da kuka yi wa dariya. Da "ɗagau" sai a ce "mai ɗagau" a huta.

Bakanon Kasuwar Dole:
Malam, sojoji ma suna da sahu, ana kuma cewa ƙasa tana sahun gaba wajen noman gero ba wanda ya tuna da liman. Ni na janye SEO daga taken darasi, amma a ambace shi sau ɗaya, domin yaron da zai nemi ƙarin bayani a intanet dole ya san abin da zai buga.

Hajiya Mai Shirin Safe:
Tambayar Baba kan sunan mai aikin tana da ƙarfi, kuma ba ni da amsa mai gamsarwa. A yanzu "mai tsara shafi" ya isa, tunda a garin nan mutum ɗaya ne ke yin duka ayyukan.

Malamar Sabon Gari:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zai tafi wurin mai bugawa. Babi na biyu zai zama "Sauƙin amfani", tare da sharuɗɗan nan uku da Ɗan Zengo ya kawo. Babi na uku na raba shi gida biyu, "Shigar da shafi kundi" da "Neman sahun gaba", kuma a layin farko zan faɗi sunayensa na Faransanci da na Ingilishi sau ɗaya. Fitar da shafi a sama ta hanyar biyan kuɗi kuwa zan kira shi "sayen wurin talla", don kada a haɗa su. Zan riƙe "injin bincike". Baba, "ɗagau" zan faɗe shi da baki a aji in ga yadda yaran za su karɓe shi, amma ba zan buga shi a wannan karon ba. Sunan mai aikin na bar shi a buɗe.

Malam Mai Ritaya:
Ƴata, takardarki ce, ki buga abin da kika ga dama. "Shigar da shafi kundi" na karɓa, "sauƙin amfani" ma ba laifi. "Sahun gaba" zan haƙura da shi har ranar Asabar. Idan kin faɗi "ɗagau" a aji, ki faɗe shi kafin ki faɗi nasu, ba bayan kunnuwan yaran sun cika ba, kuma ki dawo ki gaya mana wanda suka maimaita wajen fita. Maganar "inji" kuwa ban rufe ta ba.