Allura da Kasafi: Musayar Waƙa kan Kuɗin Gwamnati

Ma'aji:

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Kan baitulmali da nauyin bashi.

Kuna cewa a ba kowa tallafi,
Ni ma zuciyata tana son shi.

Sai dai gwamnati ba ta haƙo kuɗi,
Haraji ne, in ya gaza a ranto shi.

Wanda ya ranta kuwa ba ya barci,
Kuɗin ruwa kullum yana bin shi.

Shi ke fara ɗiba cikin kasafi,
Kafin malami ya ga albashi.

Ku tuna Girka a 2009,
Giɓin kasafinta ya sa ta nishi.

Kashi 15 cikin 100 na arzikin shekara,
Rami ne, da me za a cike shi?

A 2010 masu rance suka zo,
Da sharaɗin da ba damar ƙin shi.

Aka datse fansho, aka rage ma'aikata,
Tsoho ya koma gida da haushi.

Siri Lanka ma a 2022,
Bashin waje ta kasa biyan shi.

Layin mai ya kwana a titi,
Magani ya ɓace, ana cigiyar shi.

Ungozoma:

Malam Ma'aji, na ji lissafinka,
Ban musa ko ɗaya a adadinka,
Amma ɗan ajiye littafinka,
Ka zo ɗakin da ake haihuwa.

Daren jiya wuta ta ɗauke mana,
Fitilar waya na riƙe a bakina,
Jini na kwarara a kan hannuna,
Allurar tsai da shi babu a durowa.

Mijin ya ruga cikin dare,
Ya jinginar da waya, kuɗi sun ƙare,
Ya kawo allurar, muka yi addu'a tare,
Da sauran kwana, ta tsallake mutuwa.

Allurar nan a cikin takardarka,
Layi ce guda ƙarƙashin alƙalaminka,
Tsuke bakin aljihu ne a faɗarka,
A hannuna rai ne ke sulalewa.

Girkar da ka kawo, ƙarasa zance,
Da aka bi sharaɗin masu rance,
Kashi 27 ba aiki, suna kwance,
A 2013, matasa na ta ficewa.

Siri Lanka ba talaka ya cinye ba,
Rangwamen 2019 ba ka ambata ba,
Daga kashi 15 zuwa 8, ba a duba ba,
Aka sauke harajin kaya, asusu na ƙafewa.

Ingila ta fito yaƙi da rauni,
Bashi ya ninka arzikinta a ma'auni,
A 1948 ta buɗe ƙofar magani,
Kyauta ga kowa, ba ta jira wadatuwa.

Malamin Makaranta:

Yaya Ungozoma, Allah ya saka,
Baitinki ya sa ni sanyin jiki.

Malam Ma'aji, kai ma da gaskiyarka,
Ku ɗan matsa mini in sa baki.

Ba duk kashewa ce ɓarna ba,
Akwai na iri, akwai na ciki.

Yaron da ke gabana a aji yau,
Shi zai biya haraji ran da ya kama aiki.

Mai masana'anta ba ya kafa inji
Inda ba gwani, ko da rancen banki.

Meziko ta gwada tallafin iyali a 1997,
A 2003 Burazil, Lula na mulki.

Bolsa Família, kuɗi a hannun uwa,
Yaro ya je aji, a bi rigakafinsa daki-daki.

Wajen rabin kashi 1 na arzikin ƙasa
Ya riƙa ci shekaru, abin mamaki.

Miliyoyin gidaje suka ɗaga kai,
Baitulmali bai faɗi ba, bai yi raki.

Tallafin mai kuwa, wa ya fi sha?
Mai motoci uku, mai cika tanki.

Can ni zan fara ɗora wuƙa,
A bar allurar Yaya a cikin ɗaki.

Ma'aji:

Ungozoma, na karanta na yi shiru,
Rashin allurar nan ba ni da bakin kare shi.

Amma ku bar ni da tsoro guda,
Buga kuɗi don rabo, mu guje shi.

Zimbabuwe ta buga tiriliyan 100
A takarda ɗaya, ta kasa kamo farashi.

Abin da ka miƙa wa gwauruwa da safe,
Kafin la'asar tsada ta lashe shi.

Norwe ta kafa asusun mai a 1990,
Wajen kashi 3 take taɓawa cikin shi.

Shekarar yalwa take ajiya,
Don ran tsanani ta jingina da shi.

Malam, tallafin man na yarda a rage,
In kuɗin zai sauka inda aka nufe shi.

Ungozoma:

To Malam, a rubuta a kasafin bana,
Layin allura kar a taɓa mana,
A liƙa adadin a ƙofar ɗakina,
In ƙirga kwalaben da ke isowa.

Sauran amsarka sai na dawo,
An kawo wata, faya ta fashe, lokaci na ƙurewa.