Tagogin benen maƙwabci sun buɗe mini tsakar gida

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan unguwa. Abin nan ya ishe ni, shi ya sa na kawo muku. Shekara 16 muna zaune a gidanmu a Badarawa nan Kaduna, katangarmu ta fi tsayin mutum, ba wanda ya taɓa ganin cikinmu. Bara wani baƙo ya sayi filin bayanmu ya ɗora bene, tagogi uku duk sun fuskanci tsakar gidana. Ɗan lambun da nake yi ta bakin rijiya, alayyafo da yakuwa da zogale biyu, yanzu sai na zumbula hijabi kafin in fita ban ruwa. Shanya kuwa ta koma ɗaki. Jiya ina tsinkar yakuwa sai na ji murya daga sama, ashe yarinyar gidan ce ta ɗora haɓa a kan taga, wai "Mama, fate za ki yi?" Wallahi sai da na ji kamar in nutse. Ni dai na ce wanda ya gina benen shi zai toshe tagoginsa, ba ni zan kashe kuɗi ba. Ko na yi ƙarya?

Malam Liman: Ba ki yi ƙarya ba, Hajiya. A Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka kawo "ba cuta, ba cutarwa", misalin da aka fara bayarwa shi ne mutum ya buɗe taga kusa yadda zai riƙa hango maƙwabcinsa. Haƙƙinki ne. A samu dattawa biyu su je masa da lalama.

Baban Ilham: Allah gafarta Malam, kafin a je ko'ina. Hajiya, waye baƙo? Mutum ya sayi fili da guminsa, ya yi takardu, ya yi gini, har yanzu baƙo ne? Ni daga Kano na zo, shekara 20 ina biyan haraji a garin nan, 'ya'yana duk nan aka yanke musu cibiya. Kalmar nan ita ke raba mu kullum.

Maman Sadik: Haba Baban Ilham, baƙo a layinmu nake nufi, sabon zuwa. Ni ban ma san ɗan ina ba ne.

Anti Ladi: In dai za a yi maganar baƙunta a Kaduna, to a yi ta da gaskiya. Kakanninmu Gbagyi ne ke noma a nan tun kafin Turawa su taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Kowa daga baya ya zo, kuma ba mu taɓa ce wa kowa baƙo ba.

Bazazzagi: Anti, da girmanki, amma ƙasar nan ƙasar Zazzau ce tun kafin Gwamna Lugga ya san hanyarta. Bazazzagi ba ya baƙunta a Kaduna.

Anti Ladi: Sarauta daban, gona daban, ƙanena. Tambayi tsofaffinku wa suka tarar a bakin kogi.

Injiniya: Jama'a, matar nan taga ta kawo. Hajiya, kar ki bari magini ya ce zai ɗora miki layi biyar na bulo a kan tsohuwar katanga. Tushen ba don wannan nauyin aka haƙa shi ba, iskar farkon damina ɗaya sai ki tarar da ita a kan zogalenki. Kuma ko kin ƙara, wanda ke sama yana hango tsakiyar gidan, gefen katangar kawai kika rufe. Abin da ya fi sauƙi yana wajensa: ya sa gilashi mai hazo wanda haske ke shiga amma ba a gani, ko ya toshe rabin tagar ta ƙasa ta koma sama da kan mutum. Ke kuma ki kafa rumfa ta inda kike wanke-wanke, ki bar lambun ya sha rana. In ya ƙi, hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, ita ce ke ba da izinin gini, ana iya kai musu magana su duba zanen.

Mai Furanni: Hajiya ki dasa bishiyar maskwared a jere ta bayan. Tana miƙewa sama siririya, ganyenta ya rufe ta tun daga ƙasa, ba ta cin wuri, ba ta hana lambu rana kamar mangwaro.

Baban Ilham: Ga darbejiya kyauta, sai an sayi itacen gayu?

Bazazzagi: Dogonyaro ake cewa a nan. Daga jin "darbejiya" ai an san daga inda mutum ya fito, sannan a ce ba baƙo ba.

Baban Ilham: Kun gani ko? Abin da nake faɗa ke nan. Yau a sunan bishiya ma sai an nuna mini hanyar Kano.

Injiniya: Ko me sunanta, kar a dasa ta jikin katanga. Saiwarta na fasa gini, ta shiga sokawe.

Hajiya Babba: Mai Furanni talla kawai ya zo yi. Kafin bishiyarka ta kai tagar bene, shekara nawa baiwar Allah za ta yi cikin hijabi a gidanta? Mu da, zana da asabari muka sani. Kuma ni abin da ya fi ba ni haushi masu ɗora bene su zuba 'yan haya, su tafi Malali su kwanta.

Ɗan Haya: Hajiya, 'yan haya kuma me muka yi? Da baƙi ne, yanzu an dawo kanmu. Mu ma da mata da 'ya'ya, mun san mutunci.

Mai Furanni: Ni ban ce a saya a wurina ba, Hajiya. Allah na gani.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na farko, kowa ya yarda kalmar baƙo ba ta dace ba, ya kamata Maman Sadik ta janye ta. Na biyu, gari na cika, fili ya yi tsada, bene ya zama dole. Ni ma nawa hawa ɗaya ne kuma ba maƙwabcin da ya taɓa kuka da ni. Na uku, masana sun ba da shawarar ta kafa rumfa ta dasa bishiya, wannan shi ne mafita. A rufe maganar haka.

Maman Sadik: Ranka ya daɗe, Malam Liman ya ce haƙƙina ne, Injiniya ya ce gyaran yana wajen mai benen, duk ban ga ka sa su ba. Na janye baƙo. Malam, don Allah gobe bayan La'asar wa da wa za su raka maigidana wurinsa?