Ƙwannafi ya hana ni barci: lemon kwalba ne ko tuwon dare?

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 41, yadi nake sayarwa a kasuwa, ba na komawa gida sai bayan isha'i. In na ci tuwo cikina ya yi nauyi, sai in kora da lemon kwalba mai sanyi, in yi gyatsa biyu ko uku, in ji wasai. Amma wajen ƙarfe biyun dare sai wani ruwa mai tsami ya taso mini har maƙogwaro, ƙirji kamar an zuba barkono. Maƙwabcin shagona ya ce sukarin ne, in koma ruwan soda marar zaƙi. Mako guda ke nan, ba ta canza zani ba. Me zan riƙa sha?

Maman Ilham: Sannu Alhaji, Allah ya sawwaƙe. Ka jiƙa 'yar kanwa ka sha, nan take yake kwantawa. Haka nake wa maigidana.

Baban Sadiƙ: Wa'alaikumus salam. Ni ma'aikacin jinya ne. Alhaji, gyatsar da kake jin daɗinta ita ke cutar ka. A mahaɗar maƙogwaro da tumbi akwai wani nama mai tsukewa kamar bakin jaka, shi ke hana ruwan tsamin ciki hawowa. Iskar da ke cikin lemo tana kumbura tumbi, bakin ya saki don ta fita, tsamin ya biyo ta. Ruwan soda ma iskar nan ce a cikinsa, sukari kawai ka rage. Lemo baƙi irin su Koka-Kola ya fi muni, don shi kansa tsami ne da shi sosai, ga sinadarin kafin irin na goro da kofi. Akwai waɗanda ke shan soda ba abin da ke samunsu, amma kai jikinka ya riga ya ba ka amsa.

Hajiya, ki yi haƙuri, ban goyi bayan kanwa ba. Tana kashe tsami na ɗan lokaci, amma in ta haɗu da shi iska take fitarwa, an koma gidan jiya. Sannan irin gishirin da ke cikinta bai dace da mai hawan jini ba.

Ɗan Zariya: Ni da azumi ya fi kama ni, buɗa-baki da zoɓo ko kunun tsamiya ciki ba komai. Shayi mai na'ana'a ma na bari. Madara kuwa mayaudariya ce, ka ji sanyi yanzu, an jima abin ya dawo, musamman mai maiƙo. Ruwa zalla nake sha kaɗan-kaɗan, sai kunun gero marar tsami da yaji.

Mai tambaya: Na gode. To nauyin cikin fa? Shi ke kai ni ga lemon.

Baban Sadiƙ: Malmala nawa kake ci? Ka rage, ka ci abin kirki a shago da la'asar, na dare ya zama kaɗan. Ka bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya. Ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15, tara filo ba ya yi, kuma ka kwanta ta gefen hagu. In kana shan ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki ka gaya wa likita, suna ƙara abin. Idan bayan mako biyu ba sauƙi ka je asibiti, ana ba da omeprazole, maganin rage tsamin ciki, ana kuma duba ko gyambon ciki ne. Amma in abinci ya fara tsaya maka a wuya, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ciwon ƙirjin ya sauka hannu da zufa, kada ka jira gari ya waye.

Mai tambaya: Malmala uku ne, wani lokacin da ƙari. Yau zan ce wa uwargida ta zuba ɗaya da rabi.