Kujerar Kakaki: Musayar Baiti Kan Tafiyar Rurum

Tsohon Malami:
Salamu alaikum. Yau amsa-amonmu "wa" ne, batunmu kuma siyasar Kabiru Alhassan Rurum. Ban da zagi. Na buɗe:

Da sunan Rabbana zan soma zance,
Ku matso, yara, ga abin tunawa.
Rano ta tura Kabiru majalisar Kano,
Cikin arba'in ya sam wurin tsayawa.
A 2015 suka ba shi sanda,
Kakaki ne, kowa na ta gaisuwa.
Shekara biyu yana bisa kujera,
A 2017 ya ce yana ajiyewa.

Ɗan Fagge:
Baba Malam, dakata a nan tukuna,
Daga nan ne namu ke shigowa.
Yusuf Ata na Fagge ya haye ta,
Muka kwana shayi, mata na shewa.
Shekara guda cak, Yulin 2018,
Sai ga takarda tana zagayawa.
Suka tsige shi, Rurum ya koma,
Kai ka ce alwala ya je, yana dawowa.

'Yar Kibiya:
Yaya Ɗan Fagge, share hawayenka,
Ata naku bai ga ƙarewa.
A 2024 ya zam ƙaramin minista,
Na gidaje, ka daina kokawa.
Ni abin da na riƙe wa namu,
Mayun 2019 ne, ba na mantawa.
Majalisa ta yi doka, Ganduje ya sa hannu,
Sarakuna huɗu aka yi wa naɗawa:
Bichi da Gaya, Ƙaraye da Rano,
Tambari ya tashi, muka yi ta rawa.
Kakata ta ce tun tana budurwa
Take jin Autan Bawo, Sarkin Rano, a bakin kakanniwa.

Ɗan Kurmi:
Ƙanwata, "kakanniwa" ba Hausa ba ce, kin matsa wa kalma don amsa-amo. Amma ga tawa:

Dokar da aka dafa cikin kwana uku,
Wa ya ce miki za ta yi daɗewa?
Nuwamba ta zo, kotu ta soke ta,
Disamba aka sake ɗinkewa.
Lokacin shi Rurum yana Abuja,
Gafasa ke riƙe da sandar bugawa.
Mayun 2024 wata majalisar
Ta zauna rana guda tana rushewa.
Zauren dai shi ne, kujerun su ne,
Masu ɗaga hannu ne ke canzawa.

'Yar Kibiya:
Na karɓi gyara, Yaya. Sauran ban karɓa ba.

An rushe, na ji, amma ka ƙarasa,
Kar ka tsaya inda ke maka daɗin faɗawa.
Yuli na zuwa Rano ta samu sarki,
Mai daraja ta biyu, ba a hanawa.
Rano da Bunkure da Kibiya tamu,
Ƙasar ke nan da aka ba shi riƙewa.
Su ne ukun da suka kai Rurum tarayya,
Sau biyu, ba tare da gajiyawa.

Ɗan Fagge:
To ni hular ce ta ɗaure min kai,
Ku taya ni, lissafin na kucewa.
Ya ɗau tsintsiya, a 2022 ya ajiye,
Kwandon marmari ya je ɗaukowa.
A 2025 ga shi da tsintsiya kuma,
Mai buga fasta shi ke ta morewa.
Bangon shagonmu ya sha manne-manne,
Har fentin ya soma ɓarewa.

Ɗan Kurmi:
Ka kankare a hankali, abokina,
Ta ƙasan ma wata ran za a nemawa.

Tsohon Malami:
Ɗan Kurmi, "za a nema" ake cewa, kai ma ka faɗa ramin da ka nuna wa ƙanwarka.

An kira isha'i, zan tashi, yara,
Gwiwa ba ta son daɗewa.
Gobe sai Gafasa na Ajingi,
Shi ma sau biyu ya yi hawa.