Neman kalmar Hausa: me za mu kira "supervising misdemeanor prosecutor"?

Jama'a salamu alaikum. Jiya bayan isha'i wani kawuna ya kira ni, 'yarsa da ke aikin lauya a Amurka an yi mata ƙarin girma, ta turo masa sunan muƙamin da Turanci, shi kuma yana so ya faɗa wa abokansa a majalisa amma ya rasa yadda zai ce. Na ce Kawu ba ni zuwa gobe. Toh ga inda na kwana, ku tayani dubawa.

Farko dai wajen aikin. A Amurka kowace jiha an kasa ta gida-gida, abin da suke kira county, sun haura 3,000 a ƙasar, Luwiziyana ma parish take kiran nata. Wasu na fassara shi ƙaramar hukuma, ni ban yarda ba, domin ƙaramar hukumarmu ba ta da ofishin gabatar da ƙara nata, ba ta da kurkuku, su kuwa can county tana da sheriff, wato shugaban jami'an tsaronta, da gidan yarinta da babban mai gabatar da ƙara wanda a yawancin jihohi mutane ne ke zaɓensa da ƙuri'a. A Kalifoniya da Teksas District Attorney ake ce masa, a Ilinoi State's Attorney, a Bajiniya Commonwealth's Attorney. Don haka gunduma na ɗauka a matsayin fassarar county, kunne ya saba da ita a labaran rediyo.

Prosecutor ba gardama, mai gabatar da ƙara, duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ya san ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Sai dai can galibi lauya ne cikakke, ba ɗan sanda ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne misdemeanor. Kowa "ƙaramin laifi" yake cewa, ni ma da shi na fara, amma da na zauna na duba sai na ga ba mu yi wa kalmar adalci ba. Laifukansu hawa uku ne. Akwai felony, su kisa da fashi da fyaɗe, wanda ɗaurinsa kan wuce shekara a gidan yarin jiha. Akwai infraction a can ƙasa, irin gudun wuce ƙa'ida a titi, tara kawai za ka biya ka tafi. Misdemeanor na tsakiya, kamar tuƙi cikin maye karo na farko, ɗauke kaya a kanti, faɗan da ba a ji mummunan rauni ba, shiga gidan mutum ko filinsa ba izini, tuƙi da lasin da aka dakatar, kuma a yawancin jihohi ana iya ɗaure mutum har shekara guda a kurkukun gunduma. To in muka ba shi "ƙarami", me za mu kira na ƙasansa? Ko a nan gida dokar laifuka ta kudancin Najeriya haka ta kasa su uku, tamu ta Penal Code ce a arewa ba ta bi wannan rabon ba, ina jin shi ya sa kalmar ba ta taɓa zama a bakinmu ba.

Kuma wallahi ba ƙarami ba ne ga wanda abin ya faɗa wa. Kwana 30 a tsare ya isa mutum ya rasa aiki ya rasa gidan haya, tabon kuma ya bi shi duk inda ya je neman aiki. Ga baƙi irin 'yan'uwanmu abin ya fi muni, saboda a dokar shige da fice ta tarayya hukuncin shekara ɗaya cif na iya jawo a kori mutum daga ƙasar, shi ya sa Kalifoniya a 2015 ta mai da iyakar hukuncin kwana 364, rage kwana ɗaya tak don kada a raba mutum da iyalinsa. Masu bincike sun ƙiyasta ana shigar da irin waɗannan ƙararraki kusan miliyan 13 a shekara, wajen kashi 80 cikin 100 na shari'un laifi a ƙasar.

Wani malaminmu da na tuntuɓa ya ce a ce "laifin ƙasa da shekara". Malam Allah ya ƙara basira, ta yi daɗin faɗa, amma a Fensilbeniya akwai misdemeanor mai ɗaurin har shekara 5, ka ga ta karye. Ni dai matsakaicin laifi na tsaya a kai, jam'i matsakaitan laifuka.

Saura supervising. "Mai sa ido" ta yi rauni, kamar wanda ke tsaye gefe yana kallo. Wannan mutumin shi ke raba wa lauyoyin sashensa fayil-fayil, kuma yawancinsu sababbin fitowa ne daga makaranta don a nan ake fara horar da su kafin a ba su manyan shari'u, shi zai zauna da su ya duba rahoton 'yan sanda a ga ko hujja ta isa a shigar da ƙara ko a bar maganar, shi ke amincewa da sassaucin da za a yi wa wanda ya amsa laifinsa, kuma fa mafi yawan shari'un a nan suke ƙarewa ba sa kaiwa ga zaman sauraro, shi ke cewa wannan yaron a tura shi shirin gyaran hali ko maganin shaye-shaye maimakon kurkuku. Wajibinsa ne ya tabbata yaransa sun miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma duk hujjar da za ta iya wanke shi, Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta haka tun 1963 a shari'ar Brady. Ga zama da 'yan sanda, ga sauraron waɗanda aka zalunta, ga rubuta rahoton ƙwazon kowane lauya, in shari'a ta yi tsauri kuma shi da kansa zai tsaya gaban alƙali.

"Shugaba" za ta sa a ɗauka shi ne zaɓaɓɓen mai ofishin, alhali a ƙarƙashinsa yake. Madugu ta burge ni sosai, shi ma raba kaya yake yana tafiya tare da ayari, amma 'yan jarida sun riga sun jingina ta da 'yan tawaye da 'yan adawa. Jagora ta fi, yana gaba kuma ƙafarsa na kan hanyar.

Abin da na tura wa Kawu ke nan: jagorar masu gabatar da ƙara kan matsakaitan laifuka ta gunduma, in namiji ne jagoran. A magana ta yau da kullum a ce jagoran sashen matsakaitan laifuka. Lauyoyinmu da 'yan'uwa na Nijar da suka saba da rabon laifuka na Faransa, inda ake kiran na tsakiyar délit, ku faɗa mana ko da wata kalma da kuke amfani da ita a kotunan Maraɗi da Damagaram.