Shanyewar ɓarin jiki: Baba ya miƙe, Inna har yanzu magana ta ƙi

Daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannu da ƙafar hagu suka mutu, amma maganarsa ba ta taɓu ba, cikin wata huɗu ya fara dogara sanda zuwa masallaci. Bana kuma sai ga Inna, ita ɓarin dama, magana ta ɗauke. Ta san ni sarai. Tana son ta ce "ruwa" sai wata kalma daban ta fito, ta yi ta nuna randa, ƙarshe hawaye. Wata biyar muna haka. Gida ɗaya, duk hawan jini ne sila. Don Allah wanda ya yi jinyar namiji ko mace ya faɗa mana abin da ya gani.

Daga Rigasa:
Allah ya ba Inna lafiya. Maigidana irin na Babanku ne, amma da wani abin da ya tsorata ni. In na ajiye masa tuwo, rabin kwanon kawai yake ci, ya ce ya ƙare. Kafaɗarsa ta hagu kullum sai ta bugi ƙofa. Na ɗauka ido ne. Likita ya duba hoton ƙwaƙwalwa ya ce ɓangaren dama ne ya taɓu, shi ya sa ya manta da duk abin da ke hagunsa. Sai na koma zama ta hagunsa in za mu yi hira.

Daga Kawo, ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, wurin da ciwon ya sauka a ƙwaƙwalwa shi ne farkon bambancin. Ɓangaren hagu ke juya jikin dama, kuma a yawancin mutane can magana take. Shi ya sa Inna ta rasa baki, Baba bai rasa ba. Maganar mace da namiji kuwa, ciwon ya fi samun mata a shekaru masu nisa, kuma sun fi maza fita da naƙasa. Wani bincike na 2021 ya nuna rauni a bayan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ya fi yi wa mata tsanani. An fi samun sauƙi da sauri a wata uku zuwa shida na farko, amma ba a nan yake tsayawa ba. Kada ku fasa gashi, wato motsa gaɓoɓi da ake yi a asibiti.

Daga Badarawa:
Ni kaina ce. Sati ɗaya da haihuwa, ina wankan jego, bakina ya karkace. Tun da ciki jinina yake hawa, ƙafafuna a kumbure. A gida aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi har washegari. Da muka je asibiti suka ce allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yinta. Yanzu ina tafiya, amma hannuna bai iya ɗaure zanen goyo.

Daga Unguwar Rimi:
Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Da mahaifinmu ya kwanta, Hajiya ce ke juya shi, ta matsa masa ƙafa, ta tashe mu mu kai shi gashi. Da ita ta kwanta, wa zai yi mata? Kowa da aikinsa, kuɗin keke napep zuwa asibiti sau biyu a sati ya fara yi mana nauyi, muka koma sau ɗaya. Ta daina cin abinci, ta juya fuska bango. Sai da likita ya ce ciwon damuwa ne, aka ba ta magani, sannan ta yarda ta sake gwada tsayuwa.

Daga Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Anti ta Kawo, ga wani abu: jiya da asuba na ji Inna ta karanta Fatiha tun daga farko har ƙarshe, babu gargada. Da ta idar na tambaye ta sunana, ta kasa.

Daga Kawo, ma'aikaciyar jinya:
Ana samun haka sosai, abin da aka haddace tun yarinta yakan tsira. Ku riƙa karatun tare da ita kullum, kuma ka faɗa wa likitanta ranar da za ku koma.